Ambato Uku

Shekara huɗu ina hawa danfo
daga Akoka zuwa Agege,
rikoda a aljihu, biro a bayan kunne,
in zauna kan huhun goro gaban Baba Cindo
yana ba ni yadda kakansa ya sauka Ikko
da ƙafa, da jaki biyu, ɗaya gurgu,
tun jirgin ƙasa bai yi kuka a nan ba.

Na juye muryarsa zuwa Turanci.
Na yanke tarinsa, na yanke dariyarsa,
na yanke inda ya tsaya ciniki da wata Bayarabiya
a kan ƙwarya guda ta farin goro.
Ragowar na ba ta lamba a gindin shafi,
"hira da wani dattijo",
na aika wa mujalla can ƙetaren teku,
hannun waɗanda ba su taɓa tauna ɗan goriya ba.

Wata goma sha ɗaya shiru,
kamar an aiki bawa garinsu.
Mai tantancewa na farko ya ce madalla.
Na biyu ya ce ina takarda?
Wai maganar baka iska ce,
sai in nemo rahoton Baturen mulki
ya tsaya wa Baba shaida.
Na tafi Badun, na tone akwatuna,
na same shi gara ta ci rabin shafinsa,
sunan unguwar ma bai rubuta daidai ba.

Ta fito, bayan na sayar da janareta.
Mai son karantawa ya biya da dala.
Ɗakin karatunmu, da yake kallon ruwa
yana kallon motoci bisa doguwar gada,
bai da kuɗin buɗe ƙofar.
Ni da na haife ta ban iya shiga ba.

Kullum safe, kafin a ɗauke wuta,
ina leƙa lissafi kamar mai duba tarko.
Ambato uku.
Ɗaya ni ne.
Ɗaya ɗalibina, don yana jin nauyina.
Na ukun wani ne da ya juya sunana.
Kwamitin ƙarin girma ya auna ta da sikeli,
maki biyu da rabi,
ba wanda ya kai shafi na biyu,
ban kuma yi musu ba.

Ran wata Asabar na naɗe kwafi a leda,
ruwa ya tsare mu a Oshodi har la'asar.
Idon Baba ya dushe.
Jikarsa Shafa'atu, 'yar aji biyar,
ta riƙa karantawa tana mayar masa Hausa,
yana murza carbi, yana kaɗa ƙafa.
Can ya ɗaga hannu: "Ina jakin?"
Na ce wuri ya yi kaɗan.
Ya ce, "Ka ce fatake sun zo.
Fataken ba uwa ce ta haife su ba?
Tanko Mai-Rafani, da Bawa Gajere,
da Kande wadda ta fara wanke goro a bakin rafi.
Ka ci tuwo ka zubar da miya, malam."
Ban sami bakin amsawa ba.

Duk da haka ya sa a kira makwabta.
Masu faci, masu awo, direban tirela,
suka cika rumfar, aka sake karantawa,
aka yi gardama kan wace rijiya ce ta farko
har ladan ya raba mu.

Da zan tafi Shafa'atu ta biyo ni titi.
"Ara mini rikodar nan.
Akwai tsohuwa a bayan kwata,
ta san sunayen matan duka,
kuma tana tari sosai kwanan nan."
Na ba ta, da batir biyu.

Da dare na leƙa lissafi.
Uku ne.
Bai motsa ba.